ASIBITIN GWAMNATI: DON ME WANI KE GODIYA, WANI NA KUKA?

(Laccar da aka yi wa 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa a Kano)

Iyayenmu maza da mata, shugabannin layuka, masu rumfa da masu tebur, 'yan koli, mahauta, 'yan dako, da dukan wanda ya rufe kayansa ya zo nan da maraicen nan, muna yi muku barka da zuwa. Mun sani lokacin ciniki kuka bari, saboda haka ba za mu tsare ku da dogon Turanci ba.

Abin da ya tara mu yau maganar asibitin Gwamnati ce. Mun yi watanni muna zagawa cikin kasuwa da unguwanni muna jin ta bakin mutane, muna rubutawa. Bari mu soma da labari biyu daga cikin waɗanda muka ji. Ba za mu faɗi sunan kowa ba, ba kuwa za mu faɗi sunan asibitin ba.

Wata uwarmu mai sayar da daddawa tana da ɗa, tela ne. Tari ya kama shi har wata uku, ya rame, ya kasa taka keke. Da suka gaji da jiƙe-jiƙe da maganin kemis, sai ta kai shi asibitin Gwamnati. Aka auna majinarsa, aka ce tarin tibi ne. Aka ba shi magani wata shida, ko kwabo ba a karɓa ba. Ran da ya yi fashin zuwa karɓar magani, malamar asibiti da kanta ta aiko aka neme shi. Yau yana bisa kekensa yana ɗinki. In ka zagi asibiti a gaban tsohuwar nan, to, ka ja wa kanka faɗa.

Na biyu kuwa wani ɗan'uwanmu ne mai tura kurar ruwa. Naƙuda ta kama matarsa, ta kwana ta wuni ba ta sauka ba. Da dare ya yi ya kai ta ƙaramin asibitin unguwarsu, ya tarar a kulle. Ya wuce da ita babban asibiti, watau wannan dai da tela ya warke a ciki. Aka duba aka ce sai an yi mata aiki, aka miƙo masa takarda: safar hannu, auduga, ruwan ƙari, zaren ɗinki, allurai, da jini leda biyu. Ya fita cikin dare yana buga ƙofofin 'yan'uwa. Kafin ya haɗa kayan gari ya waye. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba, kurar ruwan kuma an sayar da ita an biya bashi.

To, jama'a, wa ya yi ƙarya cikinsu? Babu. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Galibinmu in mun ji irin wannan sai mu ce, ai sa'a ce, wani ya dace wani bai dace ba. Mun yarda rai da ajali ba a hannun likita su ke ba. Amma rashin safar hannu a ɗakin haihuwa aikin mutum ne, kuma yana da dalili. Dalilan nan mu ke so mu bi ɗaya ɗaya, gama abin da aka san dalilinsa ana iya gyara shi.

INDA AKA YI ABIN KIRKI

Gaskiya ita ce mu soma da yabo inda ya kamata. Tsofaffinmu da ke zaune nan suna da tabon lamba a dantse, sun kuwa san yadda agana ta ke ɓata fuska, ta makantar, ta kashe. A 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya duka. Kurkunu fa? A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu fama da shi a Nijeriya, yawancinsu manoma ne da ya kan kwantar da su daidai lokacin aikin gona. Aka bi ƙauyuka ana raba matatar ruwa, ana haƙa rijiyoyi, har Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka sa hannu cikin aikin. A 2013 aka shaida ƙasar nan ta rabu da shi. Shan inna irin na asali, rabon da a gan shi a Nijeriya tun 2016 a Borno, a watan Agusta 2020 kuma aka shaida ya ƙare a Afirka. Matan da wahalar haihuwa ta bar su da yoyon fitsari, dubbai aka yi wa aiki kyauta a Babbar Ruga ta Katsina da nan Kano, inda wani likita mutumin Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya yi shekaru masu yawa yana aiki yana koya wa likitocinmu.

Ku duba da kyau, abu ɗaya ya haɗa waɗannan duka da maganin telan nan. An biya kuɗinsu tun kafin maras lafiya ya zo. Akwai maganin a ajiye, akwai ma'aikacin da aka ɗora wa aikin, akwai littafin da a ke rubuta kowa, akwai kuma na sama da ke zuwa ya duba littafin. Ba a tambayar aljihunka a bakin ƙofa. Sai dai fa kada mu ruɗi kanmu, da yawa daga kuɗin nan taimako ne daga ƙasashen waje. A farkon 2025 Gwamnatin Amurka ta datse yawancin taimakon da ta ke bai wa ƙasashe, hankalin masu karɓar maganin tibi da na ƙanjamau ya tashi ƙwarai. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da maƙwabci bai ɗora ba sai ya kwana da yunwa.

INDA AKA BAR MU DA ALJIHUNMU

Yanzu mu koma ga mai kurar ruwa. Aikin da matarsa ta bukata ba a biya kuɗinsa tun da wuri ba, shi aka jira ya kawo. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cikin kowace naira 100 da a ke kashewa kan jinya a Nijeriya, fiye da naira 70 daga aljihun maras lafiya da danginsa ta ke fitowa. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a wannan. Watau gini na Gwamnati ne, likita na Gwamnati ne, amma abin da za a yi aikin da shi naka ne.

Wannan ba yau ya soma ba. Ran 31 ga Disamba 1983, da soja suka karɓi mulki, cikin laifuffukan da suka lissafa a rediyo har da cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka shirya cewa a riƙa sayar da magani a asibiti da sauƙin kuɗi, abin da aka samu a sake saro wani. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan, jari ne a ke juyawa. Kun kuma san abin da ke faruwa in an ci uwar kuɗi. Inda aka riƙe amana kantin maganin asibiti yana cike, inda aka taɓa jarin kuwa sai a rubuta maka takarda a ce ka tsallaka titi.

A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a ƙasarmu, suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta. Shekara ta fi ashirin ke nan, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba, galibi wajen kashi 5 ta ke kewayawa, ko wace jam'iyya ce a kan mulki. Sakamakon yana kan matanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya a 2020 saboda ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka.

ƘOFAR DA KA SHIGA DA LOKACIN DA KA ZO

Asibitin Gwamnati hawa uku ne. Na ƙasa shi ne ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, wanda mu ke kira sha-ka-tafi, asalinsa a hannun Ƙaramar Hukuma ya ke. Na tsakiya shi ne babban asibiti na Jiha. Na sama shi ne asibitin koyarwa na Tarayya, inda manyan likitoci su ke. Yadda aka tsara, zazzaɓi da gudawa da awon ciki da haihuwa mai sauƙi a ƙare su a ƙasa, mai wuya kaɗai za a tura sama. Amma da ya ke na ƙasan ya fi kowa talauci, wani ba ruwa, wani ba wuta, wani ma'aikaci ɗaya ne ya tashi da la'asar, sai kowa ya kwashi ciwonsa ya nufi babban asibiti. Can sai layi tun asuba, sai a ce babu gado, sai ka ga majinyata a kan tabarma a baranda.

Ga kuma ƙarancin ma'aikata. A 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke ƙasar nan wajen 55,000 ne, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Da kuɗin ƙasar nan aka koyar da yawancinsu, yanzu suna duba marasa lafiya a Ingila da Amurka da Saudiyya. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a manyan birane. Saboda haka wanda ya zo ran Talata da hantsi ya kan sami likita da ɗakin gwaji a buɗe, wanda ya zo daren Asabar kuwa ya tarar da nas guda tana fama da ɗaki cike. In an shiga yajin aiki, kamar na likitoci a 2021 da ya kai wata biyu, mai hali ya tafi asibitin kuɗi, talaka ya koma gida.

HARSHE DA SANAYYA

Kukan da muka fi ji daga iyayenmu mata ba na magani ba ne, na harshe ne. Mace tana naƙuda a daka mata tsawa. Dattijo ya tambayi abin da ke damunsa a ce ya yi shiru, ai ba shi ne likita ba. Mai ɗan'uwa a ciki a shigar da shi ta bayan layi, wanda ba shi da kowa ya wuni da kati a hannu. Mun san gajiya tana sa faɗa, mun san akwai ma'aikatan da su kan yi watanni ba a biya su haƙƙinsu ba. Mun kuma ji labarin nas da ta ciro kuɗin jakarta ta saya wa yaro ruwan ƙari, da likitan da ya ba da jininsa. Waɗannan Allah ya saka musu. Amma gajiya ba ta halatta wulakanci, kuma mutumin da aka ci wa mutunci sau ɗaya ba ya komawa sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Me ya sa gyara ya ke nawa? Domin masu iko ba su kwanciya inda mu ke kwanciya. Marigayi Shugaba 'Yar'aduwa Saudiyya aka kai shi a 2009. Marigayi Shugaba Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017, a shekarar nan kuma uwargidansa ta fito fili ta yi kukan cewa asibitin fadar shugaban ƙasa kansa ba shi da sirinji, na'urar hoto kuma ba ta aiki. In haka ta ke a fada, ina ga ƙauye?

NAMU LAIFIN

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 kaɗai na haihuwa a ke yi a asibiti, a yankinmu na Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Waɗansunmu ba su barin matansu zuwa awo, alhali kuwa a awo a ke gane hawan jini da ƙarancin jini da kwanciyar ɗa tun da sauran lokaci. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya fi ɓarna a Kano, yawancin yaran da ya kama kuwa ba a yi musu allurar rigakafi ba, allurar da a ke yi kyauta. Mu kan kai maras lafiya sai ya galabaita, sa'an nan mu ce asibiti ya kashe shi. Mu gyara wannan, don bakinmu ya yi ƙarfi sa'ad da mu ke neman haƙƙinmu.

ABIN DA DOKA TA CE

Haƙƙi muka ce, ba alfarma ba. Kuɗin rumfa da kuɗin tebur da ku ke biya, da harajin kashi 7.5 da a ke ɗorawa kan kaya tun 2020, da kuɗin man fetur na ƙasa, da su a ke gina asibiti a biya likita. In ka shiga asibitin Gwamnati, kayanka ka shiga.

Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Sashe na 20 ya hana kowane asibiti, na Gwamnati ko na kuɗi, ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa ko da wane dalili. Wanda ya ƙi, hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Dokar ta ce a bayyana wa maras lafiya ciwonsa da hanyoyin maganinsa, da harshen da ya ke ji in da hali. Ta kuma kafa asusu da za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, don ƙananan asibitoci da jinyar talakawa, ko da ya ke sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Nufin shi ne kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya da kuɗin ke shiga asusunsa kai tsaye, da kwamitin mutanen mazaɓar da ke sa ido a kai.

Har wa yau, dokar 2017 ta ce wanda aka harba a yi masa magani nan take, ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce kowa ya shiga, ta kuma tanadi asusun biya wa marasa ƙarfi. Inshora kuwa kamar adashi ce, kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya faɗa wa ya kwasa. Jihar Kano tana da hukumarta ta wannan adashi. A watan Nuwamba 2024 kuma Ministan Lafiya ya ba da sanarwar cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali aikin haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Da ɗan'uwanmu mai kura ya san da wannan, ya san kuma inda a ke yi, ai da ya sami abin tambaya.

Ku da ke fatauci kun ga yadda maƙwabta suka yi. Masu zuwa Kumasi sun san Gana ta kafa inshorarta a 2003, da harajin kashi 2.5 a kan kaya, a 2008 kuma ta sa mata masu ciki a ciki kyauta. Masu zuwa Maraɗi sun san Nijar ta yafe kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006. A ƙasashen nan biyu mutane sun ƙaru a asibiti, amma duk sa'ad da Gwamnati ta yi jinkirin biyan asibitoci bashinsu, sai magani ya yanke, a koma rubuta takarda. Darasin ɗaya ne da namu: kyauta a baki ba ta warkar da kowa sai kuɗin ya iso kantin magani.

ABIN DA MU KE ROƘONKU

Na farko, kowane layi na kasuwa ya zaɓi mutum biyu masu karatu, su riƙe littafi. Duk wanda ya kai maras lafiya asibiti ya zo ya faɗi ranar, da lokacin, da abin da aka ce ya saya, da yadda aka karɓe shi, mai daɗi da maras daɗi duka. Kukan mutum ɗaya a kan ce ƙorafi ne, amma littafi mai shaidar mutum ɗari ba a ture shi.

Na biyu, kowane kuɗi kuka biya ku karɓi rasit. In an ƙi ba ku, ku tambayi dalili cikin ladabi, ku riƙe sunan ofishin.

Na uku, ku nemi sanin asibitin mazaɓarku da ke karɓar kuɗin asusun nan, da su wane ne 'yan kwamitinsa. Ku nemi a sa 'yan kasuwa da mata a ciki, a kuma manna lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a bango inda kowa zai gani.

Na huɗu, ƙungiyoyinmu na kasuwa su je ofishin inshora su tambayi yadda a ke shiga a ƙungiyance. Matasanmu masu lafiya kuma su auna jininsu su san irinsa, a rubuta, don kada wani ya sake yawon neman jini da tsakar dare.

Na biyar, in an wulakanta ku kada ku zagi kowa, kada ku ɗaga hannu. Ku kai ƙara wurin shugaban asibitin a rubuce, mu kuwa a shirye mu ke mu rubuta wa wanda bai iya ba, ba da ko kwabo ba. In kuma an kyautata muku, ku koma ku yi godiya, ku faɗa a gaban na sama da shi, don mai kirki ya san ana ganinsa.

Na shida, duk mai neman ƙuri'arku, ko daga ina ya fito, ku tambaye shi kashi nawa zai ware wa lafiya, kuma a wane asibiti iyalinsa ke haihuwa.

Iyayenmu da 'yan'uwa, abin da mu ke nema bai fi ƙarfin ƙasar nan ba. Ƙasar da ta kori kurkunu daga ƙauyuka ba za ta kasa ajiye safar hannu da jini a ɗakin haihuwa ba. So mu ke matar mai kura ta sami irin karɓar da tela ya samu, ko da rana ta zo ko da dare, ko da kuɗi a hannun mijinta ko babu. Littattafan da muka ambata suna nan mun kawo, shugabannin layuka su tsaya su karɓa kafin a watse. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ku kasuwa mai albarka.